Ƙararrawar da Aka Ce Kada Na Bari ta Buga

Yaran da ke rubuta manhajar kwamfuta a yanzu sun san ni da gajeren bayani. In yaro ya tambaye ni yadda ake sa inji ya maimaita aiki, sai in ce masa: ka ba shi aikin, ka ce ya yi ta yi, ka kuma gaya masa inda zai tsaya, don in ka manta na ƙarshen zai yi ta yi har a ɗauke wuta. In ya ce kwamfuta ta fito masa da jan rubutu ta ƙi tafiya, sai in ce ya karanta jan rubutun tukuna, ba zaginsa take yi ba, layin da ya yi tuntuɓe take nuna masa. Shi ke nan. Wasu sukan ce tsohon nan akwai sauƙin kai da son jama'a. Ina jinsu, ina dariya a ciki. Ba kirki ne ya sa nake haka ba. Fansa nake ɗauka, kuma wanda nake ɗaukarta a kansa ya daɗe da kwanta dama.

Ni mutumin Ba'awa ne, ta ƙasar Kiru. Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, tun ba a yi madatsar Tiga ba, tun babu wanda ya taɓa jin kalmar kwamfuta a garinmu, wasu 'yan safiyo suka kafa laimominsu a bayan gari suna awon ƙasa da rafuka. Akwai Bature ɗaya, da masu jan sarƙar awo, da direba, da kuku, sai akawunsu. Lokacin na doshi shekara ashirin, na gama elementare, na ɗan taɓa midil ban ƙarasa ba, kuma ni kaɗai ne ɗa namiji da ya isa riƙon garma a gidanmu.

Akawun nan daga wajen Tudun Wada ya fito. Bai daɗe da zuwa ba ya auri 'yar garinmu, aka ba shi aron wata ƙatuwar gona a bakin rafi. Mutum ne fari tas, mai farar riga, mai magana a hankali kamar ana saye a wurinsa. Kowa Malam yake ce masa. Abin da ya ɗaga shi a idon jama'a shi ne injin lissafin da ke hannunsa: wani baƙin ƙarfe mai nauyi, girmansa bai wuce akushi ba, da hannu a dama irin na keken ɗinki, da 'yan maɓallai da ake turawa, da ƙananan tagogi inda lambobi ke leƙowa. Masu jan sarƙa su kawo awonsu da yamma, Malam ya juya hannun nan, amsa ta fito. Kafin ya buɗe shi sai ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kori duk wanda ke kusa. In ya gama ya lulluɓe shi da farin ƙyalle kamar jariri.

Sai labari ya fito cewa Bature yana son a koya wa mutum na biyu injin, don za a raba ayarin, wasu su nufi duwatsun Doguwa. Babana ya ji. Shi manomi ne, bai yi boko ba, amma ya san yadda ake koyon sana'a a ƙasarmu, ko ƙira ce ko rini ko jima. Uba ya ɗauki ɗansa ya kai wa mai sana'a, ɗan ya yi masa hidima, ya yi noma, ya ɗebo ruwa, bai tambaya, bai gaggawa, sai ranar da maigida ya ga dama ya buɗe masa asirin. Baba ya ɗauka injin nan ma sana'a ce irin waɗannan. Ya sa ni gaba da damin dawa da kaza, muka je zauren Malam.

"Malam, ga yaronka nan," in ji Baba. "Amana na kawo maka. In ya yi ba daidai ba, ka hora shi, ba sai ka gaya mini ba."

Malam ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Baba. Abin dai yana da wuya, ba kowane kai ke ɗauka ba. Amma za mu gwada."

Damina biyu na yi a gonar mutumin nan. Ni ne sharar gona, ni ne shuka, ni ne noman farko da maimai, ni ne huɗa. Ni ke wanke fararen rigunan nan a rafi. A tsawon wannan lokaci abin da ya koya mini bai taka kara ya karya ba: yadda ake goge injin, yadda ake tura maɓallai, yadda ake juya hannu gaba a tara lamba kan lamba. Da ƙyar ya ƙara mini da ninkawa. Duk ranar da za a yi rabawa, sai aike ya taso, ko goro ya ƙare, ko akuyar amarya ta ɓace. Abu ɗaya ne ya nanata mini har ya zauna a raina. Ya ce akwai wata ƙararrawa a cikin injin. "Ranar da ka ji ta buga a hannunka, to ka karya haƙorin ciki. Ka cire hannunka nan take. Kuma ka sani gonar ubanka duka ba ta isa ta gyara shi ba." Wani lokaci in ina dawowa daga aike nakan jiyo ƙarar daga nesa, in na tambaya sai ya ce gwada lafiyarta yake yi, kuma wannan aikin manya ne.

Ita kuwa gonarmu, Baba kaɗai ke fama da ita, ga ciwon baya. Shekarar farko ya bar gefen arewa ba shuka. Shekara ta biyu rumbunmu bai kai wuya ba, har Inna ta fara rage awon tuwo ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙorafi ba. In maƙwabta suka ce ya janye ni, sai ya ce su bar yaro, ilimi yake nema.

Ranar da Bature ya ce zai gwada ni, Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya zo ya tsaya a bakin laima. Masu jan sarƙa ma suka taru. Aka ba ni tarawa, na yi. Aka ba ni ninkawa, na yi, har na ga Baba yana gyaɗa kai. Sai Bature ya ba ni tsawon wani layi da suka auna, ya ce in raba shi gida-gida don a san inda za a kafa turaku. Ban taɓa ganin an yi ba. Amma ni ba jaki ba ne, na yi tunani cewa in tarawa gaba ce, to rabawa sai ta baya. Na saka lambobin, na juya hannu baya, na sake juyawa, lamba tana raguwa, zuciyata ta fara sanyi. Sai kawai na ji ƙararrawa ta buga.

Na cire hannuna kamar na taɓa garwashi. Na miƙe tsaye ina salati, kujera ta faɗi. Bature yana ta magana yana nuna injin, ni kuwa ɗan Turancin da nake da shi ya gudu, ba abin da nake gani sai gonar Baba. Da ya ga na ƙi komawa, ya juya ya tambayi Malam wani abu. Malam ya amsa masa da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa, da ƙarfi, don wanda ke bakin laima ya ji.

"Na koya masa har na gaji. Kansa ne ba ya ɗauka."

Baba ya juya ya kama hanyar gida, ni ina bayansa, bai waiwayo ba har muka shiga. Washegari ya kama zakaranmu ya kai wa Malam, ya ba shi haƙuri a kan wahalar banza da ya sha da ni. Wannan zakaran ya fi komai ƙona mini rai. Daga ranar Baba ya daina cin abinci da ni a kwano ɗaya. Bai zage ni ba, bai dake ni ba, maganarmu ta koma ta fartanya da igiya. In baƙo ya tambayi labarin aikin safiyo, sai ya ce Allah bai nufa ba, ya sako wata hira. Na san abin da ya yarda da shi a ransa, cewa ya haifi daƙiƙi, ya kuma kashe gonarsa a kansa.

Da aka gama girbi na tafi cin rani Kano, ina dako a kasuwa. Kusa da inda muke zama akwai rumfar wani mai gyaran kekunan ɗinki da na rubutu, wani gajeren mutum mai surutu, wanda in ka tsaya gaishe shi sai ya gaya maka abin da ke damun duk ƙarfen da ke gabansa. Wata rana na kawo masa kaya, sai na ga irin injin nan a kan benci, an cire masa murfi. Yana juya hannun yana hira, sai ƙararrawa ta buga. Na yi baya har na taka kwanon mansa.

"Kai, lafiya?" in ji shi.

Na ce, "Ya karye."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wa ya gaya maka? Zo nan. Rabawa ai ɗebewa ce, ka yi ta ɗebewa. Kana juyawa baya, yana cirewa, yana ƙirga sau nawa ya cire. In ka cire fiye da abin da ke akwai, sai ya buga maka ƙararrawa, wato ka wuce da ɗaya. Sai ka juya gaba sau ɗaya ka mayar, ka matsa gidan lamba na gaba, ka ci gaba. In ba ta buga ba ma ai ba ka san ka iso ba."

Na ce, "Sai me kuma?"

"Babu sai me. Shi ke nan."

Ya ba ni na gwada. Na yi daidai a karon farko. Ya ba ni wata, na yi. Duk abin bai kai tsawon shan fura ba. Ashe ranar nan a laima ban yi kuskure ba ko ɗaya, juyi guda ne kawai tsakanina da aikin. Mai gyara yana ta yaba mini. Na fita bayan rumfa na zauna a kan wani dutse, hawaye na zuba, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Tun da nake ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsani Malam a wannan rana ba. Sauran ranin duka, in na sauke kaya sai in koma rumfar, har na san cikin injin nan fiye da cikin ɗakina.

Na dawo gida ana shirin shuka. Na sami Baba yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na fara ba shi labari. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Maigida ba ya yi wa yaronsa ƙarya," in ji shi. "Abin da ya wuce ya wuce. Kada ka ƙara wa kanka da rashin kunya."

Nan na gane cewa daga bakina Baba ba zai taɓa karɓar maganar ba. Sai dai daga bakin da ya ɓata ni. Kuma na san Malam ba zai zo zaurenmu don Allah ba, sai in wuta ta kai masa.

Har lokacin Bature bai sami mutum na biyun ba, don haka iyaye ba su daina kai 'ya'yansu ba. Samari uku ne ke noma wa Malam, ɗaya ma tun daga Bebeji ubansa ya kawo shi. Akwai wata tsamiya a kan hanyar gonar Malam inda tsofaffi ke dara. Can na zaɓa, da gangan. In na taso daga gonarmu da la'asar, sai in je in tona ramuka a jere kamar na dara, ramin ɗaya-ɗaya, na goma-goma, na ɗari-ɗari. Na tara tsakuwa. Na samo wani tsohon gwangwani da ɗan ƙarfe, shi ne ƙararrawata. Na zana maɓallan injin a ƙasa da tsinke. Samarin nan suna dawowa a gajiye, ƙafa duk taɓo, na tare su na ce su zauna in nuna musu abin da suke wa bauta.

Da farko tsoro suka ji. Na Bebejin ya ce an gaya musu in ƙararrawa ta buga an karya haƙori. Na ce na sani, da wannan haƙorin aka cije ni. Na ba shi tsakuwa na ce ya yi ta ɗiba bakwai-bakwai. Ya ɗiba, ya ɗiba, har ya kai hannu bai sami bakwai ba. Na buga gwangwani. Na ce, ka wuce da ɗaya, mayar, matsa rami na gaba. Ya dube ni, ya dubi ramukan, ya ce, "Wallahi ƙarya kake, ba zai zama shi ke nan ba." Na ce ni ma haka na faɗa.

Ban ɓoye komai ba, ban kuma ja komai ba. Duk abin da na sani na gutsuttsura shi ƙanana yadda mutum zai haɗiye a zama ɗaya, don burina shi ne asirin Malam ya zama abin da ba wanda zai ba da ko ƙwayar goro a kansa. Tsofaffin dara suka fara matsowa. Masu jan sarƙa suka zo. Har wani Bafulatani da ke kawo nono ya tsaya ya koya, ya ce zai raba shanun gado da shi. Kafin a gama noman farko, rabin samarin Ba'awa sun san abin da ƙararrawar injin safiyo take nufi.

Na Bebejin ne ya yi ƙarfin hali ya tari Bature da kansa ya ce a gwada shi. Ban je ba, amma an ba ni labari. Da ƙararrawa ta buga, ko gezau bai yi ba, ya juya gaba sau ɗaya ya ci gaba. Aka ɗauke shi, shi ya tafi Doguwa da wani injin irinsa da aka kawo. Aikin da na yi wa damina biyu ke nan, ya tafi hannun wani, kuma wallahi ban ji zafi ba. Sauran biyun suka ajiye fartanyun Malam a ƙofar gidansa ana tsakiyar maimai, suka koma gonakin iyayensu. Babu uban da ya sake kai ɗansa.

Ciyawa ba ta san akawu ba. Cikin 'yan kwanaki ta rufe masa dawa. Wata safiya na bi ta bakin rafi, ba don hanyata ce ba, na same shi sunkuye da fartanya, ya naɗe farar rigar a ƙugu, tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. Na tsaya, na cire takalmi, na rusuna kamar yadda aka koya mini.

"Allah gafarta Malam, sannu da aiki. Ya ruwa?"

Ya ci gaba da saran ciyawarsa. Na ƙara gaishe shi, na kuma yi masa addu'ar Allah ya sa a yi girbi lafiya. Daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba ko a ranar aurena. Yaran unguwa kuma suka tsiri buga gwangwani duk lokacin da ya wuce. Wasu dattawa suka ce in hana su. Yaya zan hana su, ni da na ara musu gwangwanin?

Ba a kai girbi ba Malam ya zo gidanmu. Bayan azahar ne, ina tsakar gida ina fiƙe ƙota, na ji sallamarsa a zaure. Al'ada ce, in yaro ya dame ka, wurin ubansa za ka. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan Baba ya kira ni, na zauna a bakin ƙofa.

"Baba, ƙara na kawo," in ji Malam. "Yaron nan yana ɓata sana'a. Abin da aka sha wuya aka koya, ya zubar da shi a gindin tsamiya kamar wasan yara. Ba a ba shi izini ba. Ya raba ni da yarana, ya sa ana yi mini dariya a gari. Ku ja masa kunne."

Baba ya ce, "Malam, ni ban san boko ba, ka yi haƙuri da tambayata. Abin da yake koya musu, daidai ne ko kuskure?"

"Daidai ne, amma ba haka ake..."

"A wurinka ya koya?"

Malam ya gyara zama. Ya ce, "Ai lokacin ba shi wannan bai yi ba tukuna. Komai da matakinsa."

"Ban gane ba," in ji Baba. "Ranar nan a gaban Bature, da kunnena na ji ka ce ka koya masa har ka gaji."

Malam ya ɗauki kwanon ruwa ya ajiye bai sha ba. Can ya ce la'asar ta kusa, ya miƙe. Babana, wanda ko mai tallan gishiri ya shigo zaurensa sai ya taka masa har bakin hanya, bai motsa daga inda yake ba.

Da ƙarar takalmin ta ɓace, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kawo tsakuwar nan taka."

Na tona ramuka a ƙasan zaure. Na ce masa ga dammunan dawa, za a raba wa gidaje bakwai. Ya sa manyan yatsunsa da suka kangare da garma yana ɗiba. Da ya kai hannu bai sami bakwai ba, na ƙwanƙwasa kwanon ruwan da Malam ya bari. Na ce, Baba, kun wuce da ɗaya, ku mayar, ku matsa gaba. Ya mayar. Ya matsa. Ya ƙarasa da kansa ban sake cewa komai ba. Ya ce in ba shi wata, na ba shi, ya yi daidai. Ladan bai kira la'asar ba tukuna.

Ya zauna yana kallon ramukan.

"Wannan ne?" in ji shi. "A kan wannan na bar gefen arewa ba shuka? A kan wannan uwarka ta rage tuwo?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko akuya ba ya ɗaga kai ya dubi ƙofar da Malam ya fita, ya ce, "Allah ya isa." Ya sake faɗa, a hankali. Sannan ya dube ni, karo na farko tun ranar laima, ido cikin ido.

"Gobe kada ka biyo ni gona," ya ce. "Ka koma gindin tsamiya tun da safe. Duk wanda ya zo ka koya masa, ko daga ina yake, kada ka bar wa Malam ko mutum ɗaya. Gonar zan ji da ita."